Gidan Waya: 'Yan Ƙwallon Da Ke Jiran A Kira Sunansu

Matafiyin da ya taso daga Kafancan da asubar fari, ya bi ta Kagoro ya nufi Gidan Waya a kwanakin hunturu, da wuya ya rasa cin karo da su. Samari ne a jere a gefen kwalta, suna gudu cikin hazo, wasu da hular sanyi, wasu da riga mai lamba a baya wadda wanki ya cinye launinta. Duwatsun Kagoro na bayansu. Direbobin hanyar sun saba da su, har sukan danna musu ham. Waɗannan su ne 'yan ƙwallon ƙananan kulob-kulob, masu share fage kafin a buɗe kakar wasa.

Gidan Waya tana cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a, kuma abin da ya fi ɗaukaka sunanta shi ne Kwalejin Ilmi ta Jihar Kaduna. Inda ɗalibai suka taru kuwa ba a rasa fili da raga, ba a kuma rasa ɗakin haya mai rangwame da mai sayar da abinci bashi. Ƙwallo dai ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun cikin shekarun 1920 da Kafancan ta zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa, ma'aikatan reluwe daga kudu da arewa suka cika garin, kuma a ko'ina cikin Nijeriya an san reluwe da tamaula. Kulob ɗinsu na Ikko ya sha ɗaukar kofin ƙasa bayan da aka soma gasarsa a 1945. Yau tashar ba ta da hada-hadar da, amma ƙwallon ta zauna.

Ya kamata mai karatu ya san tsanin da samarin nan ke ƙoƙarin hawa. A sama akwai babbar gasa ta NPFL, wadda ake jin labarinta a rediyo. A ƙarƙashinta akwai NNL, sa'an nan NLO, sa'an nan gasannin jiha da na ƙananan hukumomi. Yawancin masu gudun asubar nan a matakan ƙasa suke, wasu ma ƙafarsu ba ta taka tsanin ba tukuna.

Bayan gudu sai a faɗa fili. Ciyawa ta bushe, ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, wanda duk ya zame sai ya bar fatar gwiwarsa a wurin. Mai tsaron gida ya fi kowa shan wuya. Koci yana tsaye da usur a wuya da ɗan littafi a hannu, kuma littafin nan shi ne abin tsoro, domin mutanen da suka hallara sun ninka waɗanda za a yi wa rajista. Kowa yana taka leda yana satar kallon alƙalamin.

Kafin rana ta yi zafi an watse. Karin kumallo ƙosai ne da kunu, ko shayi da burodi ga mai ɗan hali. Daga nan sai kowa ya koma wa sana'arsa ta gaskiya: wannan ya karɓi babur ya yi acaɓa, wancan ya tafi wurin buga bulo, ɗalibi ya shiga aji yana gyangyaɗi. Da la'asar a sake haɗuwa, a raba gida biyu a gwabza. Da dare a ci tuwo ko fate, a kwanta mutum huɗu ko biyar a ɗaki guda, takalman wasa a ƙarƙashin kai, saboda su ne jari. Ba abin mamaki ba ne a ga mutum biyu suna karɓa-karɓa da takalmi ɗaya, ko a ga ɗan wasa tsugune gaban mai gyaran takalma yana roƙon a ƙara masa ɗinki.

Albashi a wannan lokaci babu shi. Abin da ake samu shi ne ɗan kuɗin abinci in mai kulob ya ga dama, da alkawari. Sauran ɗawainiya tana kan iyaye da 'yan'uwa, waɗanda da yawansu manoman citta ne. Da annobar ruɓewa ta afka wa citta a kudancin Kaduna a 2023, lalle zafinta ya iso har bakin raga. Kada kuma a zaci talaucin ƙasa ne kaɗai ya jawo haka. A Amurka ma, inda 'yan ƙananan rukunonin wasan besbol ke taruwa a Fulorida da Arizona kowace shekara don irin wannan share fage, shekara da shekaru ba a biyansu albashin waɗannan makonni, sai da suka shiga ƙungiyar ƙwadago a 2022, aka ƙulla yarjejeniya a 2023. Na Gidan Waya ba su da mai tsaya musu. Wanda ya karye a wurin atisaye, gida za a kai shi wurin mai ɗori, shi ke nan.

Akwai kuma dillalai. Mutum ne zai sauko daga mota da tabarau, ya tsaya a gefen fili, ya ce yana da hanya a Turai, a kawo kuɗin fasfo da biza. Akan sayar da akuya, wani lokaci har da gona. Na gaskiya a cikinsu ba a rasa ba, amma abin takaici ne yadda ba mai tambayarsu takardar shaida.

To, me ke riƙe da samarin? Sunaye ne da suka haddace. Rashidi Yekini daga kulob ɗin masaƙar UNTL ta Kaduna ya fara, shi ne kuwa ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994. Daniel Amokachi daga Ranchers Bees ta Kaduna ya wuce Beljiyam. Ba mai lissafa dubban da suka tsaya a hanya.

Ranar da koci zai karanta sunaye, akan zauna a ƙasa a da'ira, ba mai tari. Waɗanda aka kira su miƙe su koma gefe guda. Sauran su kwance igiyar takalmi a hankali, su yi sallama, su nufi bakin titi inda motocin Kafancan da Jos ke lodi. Wasu daga cikinsu ba gida suka nufa ba. Sun ji labarin wani kulob da bai rufe rajista ba tukuna.