Daga Jaba Zuwa Kantin Kwari: Asalin Kayan Lefenmu

Duk wanda ya saba da littattafanmu na soyayya ya san akwai babin da ba ma tsallakewa, wato babin kai lefe. Nan ne muke baje kolin alƙalami: akwati goma sha biyu, Super Holan turmi kaza, Ingilish turmi kaza, ga shadda Gezna ta ango tana ɗaukar ido. Ni kaina na rubuta irin wannan babi ya fi a ƙirga, domin in babu shi 'yan mata ba sa yafe wa marubuci. To yau asalin waɗannan kaya nake so mu duba, don labarinsu ya fi na wasu littattafan namu ban mamaki.

Mu fara da atamfa. Idan aka ce mace ta yi shigar gargajiya a taro, ita ake nufi, amma tushenta yana can tsibirin Jaba na ƙasar Indonesiya. Mutanen can suna da sana'ar da suke kira batik: a zana ado a jikin ƙyalle da narkakken kakin zuma, a tsoma a rini, inda kakin ya rufe rini ba ya kamawa. Har yau batik alamar ƙasarsu ce, a 2009 ma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya.

Lokacin da Turawan Holan suke mulkin Jaba, sai suka ce bari su yi batik da inji su sayar wa masu shi da araha. Cikin masu wannan nema akwai Pieter Fentener van Vlissingen, wanda ya kafa kamfaninsa a garin Helmond a 1846, 'ya'ya da jikoki suka gada. Daga sunan gidan aka yanko Vlisco. Sai dai mutanen Jaba ba su yi na'am da kayan inji ba, saboda kakin yana tsattsagewa rini ya shiga ya bar jijiya-jijiya a jiki. Ikon Allah, abin da suka kira aibi shi ya burge matan Afirka ta Yamma! Wasu masana suna danganta haka da sojoji wajen 3,000 da Holan ta ɗiba daga Elmina, a Gana ta yau, tsakanin 1831 da 1872, ta kai su Indonesiya, waɗanda suka dawo kuma suka zo da batik tsaraba. Daga baya wani ɗan kasuwa na Glasgow, Ebenezer Brown Fleming, ya riƙa kawo atamfar Holan gaɓar Gana a shekarun 1890. Da haka ta bi hannun fatake har ta iso akwatin amaryar Kano.

Kada maza su yi dariya, su ma ba su tsira ba. Geznar da alhazai suke taƙama da ita ranar Juma'a sunan wani gida ne, Getzner, a ƙasar Ostiriya. An kafa kamfanin a 1818, masaƙarsa tana garin Bludenz, cikin duwatsu masu ƙanƙara inda babu mai sa babbar riga. Amma can ake saƙa shaddar da ta zama alamar girma daga Kano har Bamako.

Gida na uku shi ya fi taɓa ni. Cha Chi Ming, mutumin Sin mai masana'antar rini a Honkon, ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, kuma iyalinsa ne masu Nichem ta Legas. Duk wanda ya tashi a Arewa a shekarun 1980 ya san yadda Kakuri take cika da ma'aikata a kan kekuna in an tashi aiki. Audugar Funtuwa da Gusau ake saƙawa, talaka ya haɗa lefen 'yarsa ba tare da ya sayar da gona ba. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai da fasa-ƙwauri suka taru suka durƙusar da masaƙun, har UNTL ta rufe ƙofa a 2007. Yau ka shiga Kantin Kwari, mafi yawan atamfar da za ka taɓa daga Sin aka yo ta.

Wani zai ce ashe duk kayan aro muke yafawa. Ni ban tafi a kan haka ba. Bature ya buga zane da lamba kawai, matanmu ne suka raɗa masa suna, suka ce wannan na fitar biki ne, wancan na goyo. Abin da mutane suka haifi 'ya'ya a ciki, suka yi aure a ciki shekara ɗari, ya zama nasu. Abin da yake ci mini rai shi ne kuɗin, don sunan namu ne, ribar ta wasu.

Alhali mu ma mun taɓa tufatar da wasu. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda ake kai saƙar Kano har Tumbutu da Tarabulus. Shuɗin rawanin nan mai walƙiya da duniya ta san Buzaye da shi, har ya zama alamarsu, turkuɗi ne da masu rini da bugu na garin Kura suka daɗe suna yi, ayari yana ɗauka zuwa Agadas. Su ma gidaje ne da suke gadon sana'a, uba ya bar wa ɗa, kamar dai su Getzner. Bambancin kawai, wancan gida ya samu wuta da jari da gwamnati mai kare shi, namu kuwa yaransu suna barin karofi suna kama acaba.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana marubuta, in mun zo babin lefe, mu riƙa sa wa amarya ko da saƙi ɗaya na gida, mu yabe shi yadda muke yabon Holan. Masu karatunmu suna kwaikwayon abin da muka rubuta fiye da yadda muke zato. Allah ya farfaɗo mana da masaƙunmu, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.