Madugun da Ta Kashe

Daren farko da ta shiga wasan ta yi kisan kai. Likitar haƙori ce mai son rubutu tun tana sakandare. Wata ƙawarta ce ta jawo ta cikin rukunin mutum shida da ke saƙa labari ɗaya a rubuce, kowa riƙe da mutum guda na cikin labarin. Idan layi ya zo kan ɗan wasa sai ya rubuta abin da nasa ya faɗa ko ya aikata, ya bar wa na gaba. Labarin na ayarin fatake ne da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, ita kuma aka ba ta ɗan fashin da ya saje cikin 'yan dako.

Ta zauna ta tsara shafi biyu masu daɗi: ɗan fashi ya zare takobi a zango, ya sari madugu, madugu ya faɗi yana roƙon a bar shi da rai, ya cika. Ta kwanta tana jin ta burge. Gari ya waye ba wanda ya ɗora ko kalma. Mai madugun, wani malamin jami'a da ya yi wata huɗu yana gina mutumin nan, ya daina leƙowa.

Ƙawar ce ta kira ta. "Ke 'yar uwa, hannun ɗan fashi ne naki, wuyan madugu ba naki ba ne."

Dokar tana da asali. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. Ana zama a kewaye teburi, ɗan wasa ya faɗi abin da yake nufin yi, a jefa ƙwaya irin ta ludo, alƙalin wasa ya yanke ko saran ya samu. Da wasan ya koma na rubutu, rukunoni da yawa suka ajiye ƙwayar, wasu har da alƙalin, sai kara ta maye gurbinsu. Shi ya sa sabon shiga zai rubuta yunƙuri kawai, ya bar sakamako ga wanda abin zai faɗa wa. Wannan na da wuya ga wanda ya saba rubutu shi kaɗai, domin a can shi ne wuƙa shi ne nama.

Ita ma karar bashi ce. Keith Johnstone, Baturen da ya wallafa littafin Impro a 1979 kan wasan kwaikwayon da ba a shirya ba, ya nuna cewa wasa na mutuwa idan ɗan wasa ya toshe abin da abokinsa ya miƙo masa. Jarumin da kullum yake goce wa sara, bai taɓa jin tsoro ko ciwo ba, yana gundurar mutane fiye da mugu.

Sauran ladubban ƙanana ne. A karanta abin da ya gabata kafin a sa hannu. Sirrin da marubuci ya gani a rubutun wani, kada mutuminsa ya wayi gari ya san shi. Mai tafiya ya sanar, kada a yi ta jiran gawon shanu. Mutuwa da aure kuwa, sai an yi shawara a wajen labari.

Ta rubuta wa malamin: "Malam, na yi karambani, a gafarce ni." Ta janye shafukan nan biyu, ta mayar da su layi uku: ɗan fashi ya zare takobi, ya kai sara wajen kafaɗar madugu. Nan ta tsaya, hannunta na ƙaiƙayi.

Bayan kwana biyu amsa ta zo. Madugu ya tare saran da hannu, yatsu biyu suka tafi. Da hasken wutar zango ya faɗa kan fuskar ɗan fashin, sai ya kira shi da sunan da mahaifiyarsa kaɗai take kiran sa da shi.