Shirin Ziyarar Kwana Biyu Zuwa Riruwai

Babu tafiyar da ta kai ta kwana biyu wuyar shiri. Mai tafiyar wuni guda ya san da hantsi zai isa, kafin magariba ya juyo, saboda haka ba ya ɗora wa kansa dogon buri. Mai tafiyar wata guda kuwa yana da sararin da zai ɓata yau ya gyara gobe. Amma mai kwana biyu tsaka-tsaki yake: lokacin ya isa ya sa masa kwaɗayi, bai kuma isa ya biya masa buƙata ba. Idan aka cire sa'o'in da hanya za ta ci, da na salla da cin abinci da barci, abin da zai rage bai wuce wuni ɗaya ba, shi ma in mota ba ta yi gardama ba.

Wannan lissafi ne ya sha kan wani malamin labarin ƙasa a wata makarantar sakandare da ke Karaye a shekarar 2025. A farkon wannan shekara gidajen rediyo sun yi ta kawo labarin wani tsibiri na ƙasar Girka mai suna Santorini, inda ƙasa ta yi makonni tana girgiza, har aka rufe makarantu, dubban mutane suka bar gidajensu. Malamin ya ga dama ta samu, sai ya ɗauko darasin dutse mai aman wuta. Ya bayyana wa ɗalibai cewa kimanin shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) dutsen wannan tsibiri ya yi amai mai tsanani, toka ta binne wani gari da a yau ake kira Akrotiri, wanda sai a 1967 aka soma tono shi gadan-gadan. Da cikin dutsen ya zama fanko, sai ƙoƙonsa ya rufta, teku ta malalo ta cike gurbin. Abin da ya saura shi ne tsibiri mai siffar jinjirin wata, da gaɓa mai tsayin kusan mita 300, da fararen gidaje jere a bisa kanta. A tsakiyar ruwan kuma akwai wani ƙaramin tsibiri wanda amansa na ƙarshe ya auku a 1950. Yana rufe baki sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, mu Allah bai ba mu irin wannan dutse ba ne?”

Haƙiƙa ya ba mu, sai dai namu ya tsufa ƙwarai. A kudancin Jihar Kano, cikin ƙaramar hukumar Doguwa, akwai duwatsun Riruwai. Masana ilimin duwatsu sun tabbatar da cewa gindin wani dutse ne mai aman wuta wanda ya mutu fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Abin da ya sami Santorini shi ya same shi, wato ya yi amai, cikinsa ya zama fanko, samansa ya rufta. Daga baya narkakken dutse ya taso ta tsagar da ta kewaye ramin ya daskare a ciki, ruwan sama da iska kuma suka yi ta zaizayar abin da ke bisa har tsawon zamunna, sai aka wayi gari da duwatsu a jere kamar zobe. Bugu da ƙari, ba shi kaɗai ba ne. Jeri ne guda da ya faro daga duwatsun Azbin a Nijar, ya biyo ta Damagaram, ya gangaro har Jos da kudu da ita, na arewa sun fi tsufa, na kudu sun fi ƙuruciya.

Daga nan malamin ya ƙudura a ransa sai ya kai ɗalibansa sun gani da ido, domin gani ya kori ji. Hedimasta ya ba shi kwana biyu, bai ƙara masa ko sa'a guda ba. Kuɗin mota kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ya fi ƙarfin aji guda. Don haka ya nemi wani abokin aikinsa da ke koyarwa a Rogo, suka shirya su haɗa ɗalibai su ɗauki hayar bas ɗaya. Karaye da Rogo dama maƙwabta ne, masarautarsu ma ɗaya.

A nan ne ainihin gardamar ta taso. Malamin Rogo mutum ne mai son a ci riba biyu da jari ɗaya. Ya zo da takarda cike da sunayen wurare: a ratse a ga madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, a tsaya a dajin Falgore ko a dace da ganin namun daji, a je mafaɗar ruwa ta Zainabi, a shiga tsofaffin wuraren haƙar kuza, sannan a hau dutse. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce yawancin yaran nan ba su taɓa wuce Kwanar Dangora ba, wataƙila kuma ba za su ƙara samun irin wannan dama ba, iyaye kuma da guminsu za su biya, to me zai hana a cika musu ido?

Malamin Karaye bai musa masa ba. Alli ya ɗauka ya zana hanya a allo. Daga Karaye a bi ta Ƙiru a fito Kwanar Dangora, a tsallaka titin Kano zuwa Zariya, a miƙi hanyar Tudun Wada, a keta dajin Falgore, a isa Doguwa, sannan a karya zuwa Riruwai. Tafiya ce da ta haura kilomita 100 da nisa, har ta wuce iyakar da malamai suka yanke ta yin ƙasaru. Ya rubuta sa'o'i a gefen kowane zango. 'Yan Rogo sai sun taso bayan sallar asuba kafin su iso Karaye. Kowace tsayawa da yara arba'in, komai gajartarta, sai ta ci rabin sa'a tsakanin sauka da kama ruwa da ƙirga kawuna. Daji kuma dole a ƙetare shi da rana tsaka, zuwa da dawowa, domin ko da yake sojoji sun kafa sansanin horo a Falgore tun 2017, sunan da dajin ya yi a shekarun satar shanu da tare hanya bai gushe daga zukatan iyaye ba. Da ya gama tarawa da ɗebewa, abin da ya rage musu a Riruwai shi ne daga azahar ɗin ranar farko zuwa hantsin rana ta biyu. Ya ce da abokinsa, “Allah ya gafarta Malam, wuri biyar a wannan ɗan lokaci, ai tagar mota kawai za su gani.”

Irin wannan matsala ce take samun masu zuwa Santorini ɗin kanta. Jirgin ruwa daga gaɓar Atina yakan ci sa'a biyar zuwa takwas, wanda kuwa ya ce sai ya zaga kowane ƙauye da kowane bakin teku a kwana biyu, yakan koma gida da hotuna fal waya, amma bai taɓa tsayawa ya gane cewa a bakin ƙoƙon dutse yake tsaye ba.

Sai suka soma yanka. Tiga ce ta fara fita, da dalili mai sauƙi: Karaye na da tata madatsar, wato ta Challawa, wadda aka kammala a 1992. Malamin ma ya mayar da ita share fage. Ya yanke shawarar wata la'asar, mako guda kafin tafiya, ya kai ɗalibai bakin madatsar su dubi ruwa shimfiɗe tudu ya kewaye shi, ya ce su riƙe wannan siffa a zuci, in sun hau dutsen Riruwai su zuba ta a cikin kwarin da za su hango. Falgore aka bar ta a matsayin hanya kawai. Zainabi ce ta fi ciwon yankewa, domin babu yaron da ba ya son ruwa mai zubowa daga dutse, amma ruwanta da damina yake cika, lokacin da hanya ta fi wahala, dutse kuma yake da santsi. Aka ajiye ta sai wani jiƙon.

Abu biyu suka saura, kuma a gaskiya abu ɗaya ne. Da yammacin ranar farko a ziyarci tsohon wurin haƙar kuza, a tsaya nesa da ramuka da kududdufai, a nemi wani dattijo da ya yi aikin ya ba da labari. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suna narka kuza su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su saya su yi nisa da ita. Kamfanoni sun zo daga baya, har aka haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa, aikin ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya. Ita kuzar kuwa ruwan zafi ne mai fitowa daga narkakken dutse ya bar ta a cikin tsagogi sa'ad da yake hucewa. Ke nan wanda ya riƙe tsakuwar kuza a tafinsa, gadon wutar nan ya riƙe. Da sassafen rana ta biyu kuma a hau tudu, kowa da littafi da fensir, ya zana zoben duwatsun yadda ya gan shi.

Zaɓen rana bai ɗauki lokaci ba. Ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazon hunturu ya rufe sararin da ake son hangowa, kafin kuma aikin kaka ya riƙe yara a gona. Laraba da Alhamis, don a tarar da ofisoshi a buɗe, a kuma dawo kafin Juma'a. Aka rubuta wa hakimi da sakataren ilimi na Doguwa takarda, aka roƙi azuzuwa biyu na kwana a wata makaranta, ɗaya na maza ɗaya na mata, malama biyu kuma suka yarda za su raka 'yan matan. Guzuri kowa da nasa: dambu, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, da mazarƙwailar da 'yan Rogo suka yi alkawari.

Taron iyaye shi ne zango mafi wuya. Wani dattijo ya miƙe ya ce, “Malam, ban raina ilminka ba, amma dutse za ka kai su gani? Dutse ne babu a ƙasar Karaye?” Aka yi dariya, malamin ma ya yi. Sannan ya zaro wata baƙar tsakuwa mai nauyi daga aljihu, wadda wani direban hanyar Doguwa ya kawo masa, ya miƙa wa dattijon ya ce, “Baba, a ji nauyinta, a faɗa mini ko akwai irinta a nan.” Tsakuwar ta zaga hannu-hannu. Dattijon ya jinjina ta, ya zauna bai ƙara magana ba, kuma kafin a tashi ya biya wa jikansa, ya ƙara da na wani maraya.

Ba kowa ne tsakuwa ta gamsar ba. Mahaifin yarinyar da ta yi tambayar ya ce shi 'yarsa ba ta kwana a wani gari. Malamin bai ja da shi a bainar jama'a ba. Ya bari sai da aka kwana biyu, ya tura malama ɗaya wurin mahaifiyarta, shi kuma ya sami limamin unguwa ya roƙe shi ya sa baki. Amsar da ta dawo ita ce za a duba. Ranar Litinin, saura kwana biyu a tashi, ya miƙa wa hedimasta jerin sunaye arba'in, talatin da tara da biro, na ƙarshe da fensir, kujerarta kuma ya ce da direba kada ya sayar wa kowa.