Diggi: Yaɗiya Da Garahuni A Bakin Shinge

Matafiyin da ya isa Diggi, cikin Ƙaramar Hukumar Kalgo ta masarautar Gwandu, a ƙarshen damina, shinkafa da gero ne za su fara ɗaukar hankalinsa. Amma idan ya rage sauri ya dubi dannin gonaki da shingayen bayan gari, zai tarar da wasu tsirrai masu hawa da babu wanda ya shuka su.

Ga garahuni, mai siraran zaruruwa da ke laluben abin kamawa, su naɗe shi, su ja jikin tsiron sama don neman hasken rana. Furensa na namiji daban, na mace daban, a jikin tsiro guda, sai ƙwari sun yi jigilar garin fure tsakaninsu kafin ya haihu. Idan ɗansa ya nuna yakan tsage da kansa, jajayen 'ya'ya su bayyana. Ɗacin ganyensa ne ya sa iyaye mata ke dafa shi domin ciwon ciki.

Ga kuma yaɗiya, wadda ba ta da irin waɗannan zaruruwa, sai dai ta malale ƙasa ko ta kanannaɗe reshe. Takan zauna kore shar bayan ciyawa ta bushe, shi ya sa kwaɗonta ya riƙe gidaje da dama a ƙasar Hausa lokacin farin 1973 da na 1984.

A wasu ƙasashe irin waɗannan tsirrai suna da masu kula da su. Dangin Passiflora, masu hawa da zare kamar garahuni, sun haura iri 500, akasarinsu daga yankunan zafi na nahiyar Amurka. Tun 1753 masani Linnaeus ya tsara sunayen wasunsu, kuma har yau masana na ratsa dazuzzuka don ceto waɗanda suka yi ƙaranci.

Namu kuwa, maganin feshi na ƙone su a bakin gona, bulo na maye gurbin danni, tsofaffin da suka san amfaninsu na tafiya ɗaya bayan ɗaya. Alhali mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, yana cikin ƙasar Kalgo ɗin nan. Me zai hana ɗalibanta su zauna da dattawan Diggi, su rubuta sunan kowane tsiro da amfaninsa, su adana ganye da iri? Abin da ya ceci kakanni ranar yunwa bai kamata a bar shi ya ɓace ranar ƙoshi ba.