Ina Uwarsa? Ranar da Na Raka Aboki Sayen Maciji

A ƙasarmu in aka ce maciji ya shiga gida, abu biyu ake nema: sanda da fitila. Shi ya sa labarin da zan ba ku yau zai yi wa wasunku kama da tatsuniya. Amma da idona na gani, kuma da bakina aka yi cinikin.

A ƙarshen shekarar 2022 aikin jarida ya kai ni birnin Lille, can arewacin Faransa, domin wani horo na wata biyu. Na sauka gidan wani abokina da muka yi lise tare a Damagaram, muka kwana ɗaki guda, muka ci garin rogo da ƙuli-ƙuli a kwano guda. Shi ya wuce karatu Turai, ya samu aiki, ya auri Bafaransa, Allah ya ba su ɗa namiji da ɗiya mace. Gidansu ɗaki uku ne a hawa na huɗu na wani dogon bene. Yaron shekarunsa 12, ƙanwarsa kuwa ba ta cika 3 ba.

Wani daren Juma'a, bayan yara sun kwanta, abokina ya rage murya ya ce: "Mutumina, na ɗauko wa kaina kaya. Na yi wa yaron nan alkawari, in ya yi ƙoƙari a lekol zan saya masa dabbar da yake so. Na zaci kare zai ce, ko kyanwa. Ya ce boa. Uwarsa ta ce mu biyu muka ƙulla, mu biyu za mu kwance. Gobe ka raka mu, don ya ce kai da ka fito daga gida ka san macizai."

Na yi dariya har da hawaye. Sanin da na yi wa maciji bai wuce gudu ba, sai kallon gardawa da mesa a wuya a bakin kasuwar Dole muna yara. Amma wanda ya ba ka masauki ba ka ƙi masa rakiya.

Ga wanda bai sani ba, kiwon maciji a Turai da Amurka abu ne sananne, kamar yadda muke kiwon tantabara. Akwai kantuna na musamman, akasarin macizan a can aka haife su, kuma cinikin irin su boa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar Washington ta 1973 da ake kira CITES, shi ya sa akan sayar da su da takarda. Boa ɗin da yaron ke so, wanda masana ke kira Boa constrictor, asalinsa dazuzzukan Amurka ta Kudu ne. Ya yi kama da mesarmu, ba shi da dafi, matsewa yake yi. Bambancinsu shi ne mesa ƙwai take sakawa, boa kuwa haihuwa take yi, takan zubo 'ya'ya 20 ko 30 a ciki guda.

Da safe muka shiga kantin. Waje sanyi na yankan kunne, ciki kuwa ɗumi kamar Maraɗi a farkon damina, akwatunan gilashi jere har rufi. Mai kantin ya buɗe wani ƙarami ya zaro ɗan maciji da bai kai tsawon kamu guda ba, santimetir 45 in ji shi, kaurinsa kamar babban yatsa, launin toka da zane-zane masu duhu a baya, wutsiya ja-ja. Ya naɗe a hannun yaron yana wasa da harshe. Gaskiya ni ma sai da na ce Tabarakallah. Kuɗinsa yuro 100, wato jika 65 da 'yan kai. Yaron ya dubi ubansa, uban ya kai hannu aljihu.

Nan ne bakina ya riga ni. Na ce wa mai kantin: "Ina uwarsa?"

Tambayar nan gadonta na yi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dillalin bisashe ne. Ban taɓa ganin ya taya ɗan rago ba tare da ya nemi a nuna masa tunkiyar da ta haife shi ba. Yakan ce duk ɗan rago kyakkyawa ne, amma ɗan balami daban, ɗan tunkiyar gida daban, kuma a kwana 40 ba kowa ke rarrabe su ba. Wanda ya ga uwa ya san turken da zai kafa da dusar da zai saya.

Mai kantin mutumin kirki ne. Ya yi murmushi ya ce cikin masu saye kaɗan ne ke yin wannan tambaya, sannan ya kai mu ɗakin baya. Akwati ne da ya cinye bango guda. A ciki wata halitta ta yi gammo, kaurinta ya kai cinyar yaron. Ya ce tsawonta metir 2 da santimetir 70, nauyinta kilo 15, shekarunta 9. Ba ya fito da ita shi kaɗai, sai da mataimakinsa, don ƙa'idar masu kiwo ce macijin da ya kai wajen metir 2 da rabi mutum biyu ke ɗaukarsa. Abokina ya janye hannu daga aljihu a hankali. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Muka shiga lissafi, mai kantin yana faɗa, ni ina rubutawa kamar ina wurin taron 'yan jarida. Boa na wannan iri yakan tsaya tsakanin metir 2 da 3, mace ta fi namiji tsawo da nauyi. Mafi yawan girman a shekaru uku ko huɗu na farko yake yinsa, daga nan ya ci gaba a hankali har ƙarshen ransa. Ɗan da ke cin jaririn ɓera sau ɗaya a mako, in ya girma sai ƙaton gafiya ko zomo duk mako uku ko huɗu, kuma a daskare ake sayensu, a ajiye a firigon gida kusa da naman miya. Akwatinsa zai kusanci metir 2 da rabi a tsawo. Dole zafin ciki ya tsaya tsakanin digiri 26 da 32 dare da rana, a garin da ruwa ke ƙanƙara a hanya, ga kuɗin wuta. Na auna ɗakin yaron a zuciyata: in akwatin ya shiga, gado zai fita.

Yaron bai sallama ba. Ya ce ya ji an ce in aka bar maciji a ƙaramin akwati, ana rage masa abinci, ba zai girma ba. Fuskar mai kantin ta canza. Ya ce wannan ƙarya ta kashe macizai da yawa. Akwati ba ya tsayar da girma, yunwa kuwa ba ta mai da babban iri ƙarami, sai dai ta ba ka maciji ramamme, mai ciwo, mai saurin cizo.

Sai na tambayi shekaru. Ya ce 20 zuwa 30, kuma an taɓa samun wanda ya kai 40 a gidan namun daji na Philadelphia a Amurka. Na dubi abokina na ce da Hausa, don kada yaron ya ji: "Shekara shida suka rage ya tafi jami'a, ɗakin ɗalibai kuwa ba ya ɗaukar wannan. Kai za a bar wa. Har ka yi ritaya kana narka gafiya."

Me ke faruwa da macijin da ya fi ƙarfin mai shi? Wasu a kai su gidajen ceton dabbobi, wasu a sake su a ɓoye. A tsibirin Cozumel na ƙasar Meziko an saki wasu boa a 1971, suka hayayyafa suka auka wa tsuntsaye da ƙananan dabbobin tsibirin. A tsibirin Aruba an fara ganinsu a 1999. A Florida mesar Burma da aka kai don kiwo ta cika fadamun Everglades, har Amurka ta hana shigo da ita a 2012. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A watan Agusta 2013, a garin Campbellton na Kanada, wata mesa irin tamu ta Afirka, mai kusan metir 4, ta fita daga ɗakinta ta hanyar bututun iska, ta kashe yara biyu 'yan shekara 4 da 6 suna barci. Domin adalci, boa bai kai mesa girma ba, an san shi da sanyin hali, kuma da wuya ƙwarai a ji ya yi kisa. Amma a gidan abokina sakatar akwatin a hannun ɗan shekara 12 za ta kasance, ga yarinya da ta fara buɗe ƙofofi. Ban faɗi wannan a gaban yaron ba. Uban ya riga ya gano da kansa.

Yaron ya juyo idonsa cike da hawaye: "Tonton, kai ka ɓata komi." Maganar ta soke ni, don da gaskiyarsa. Ya cika nasa alkawari, ga baƙon da aka gayyato ya taimaka ya zo ya tsaya tsakaninsa da ladarsa. Abokina kuma ya rasa inda zai sa kansa: in ya saya ya ɗauko wa gida nauyin shekara 30, in ya fasa ɗansa ya koyi cewa maganar uba ba ta da nauyi.

Mai kantin ne ya raba gardama. Ya ce boa dangi ne babba, daga anakonda da ke wuce metir 5 har zuwa waɗanda ba su kai metir guda ba. Ya jera mana su kamar matakala. Boa imperator na Amurka ta Tsakiya ya fi wancan ƙanƙanta, namijinsa sau da yawa ba ya kai metir 2. Na wasu ƙananan tsibiran Honduras da Belize sukan tsaya wajen metir 1 da rabi, amma ya yi gargaɗi: masu kiwo sun gauraya iri, sunan da ke takarda ba ya isa, sai an ga iyaye. Na ji kamar mahaifina ne ke magana da Faransanci. A ƙasan matakala akwai boa na rairayi, Eryx colubrinus, wanda macensa ba ta cika wuce santimetir 80 ba, namiji kuwa wajen 50.

Ya tona rairayin wani akwati ya fito da shi: gajere, kakkaura, ruwan lemo da baƙin dabbare, kai da wutsiya kusan ba ka rarrabewa. A jikin gilashin akwai 'yar taswira ta ƙasashen asalinsa, daga Masar zuwa Tanzaniya, da wani reshe da ya miƙo yamma ta Cadi har duwatsun Ayar. Yaron ya sa yatsa a kai ya ce: "Papa, nan ba ƙasarku ba ce?" Uban ya ce: "Ƙasarka dai." Shi muka ɗauko, namiji, da akwatin da ya zauna daidai kan teburin karatu.

Ba zan ce yaron ya yi murna ba. Kwana biyu bai gaishe ni ba. Ya yi ta ƙorafin cewa macijinsa wuni yake binne cikin rairayi, hanci da ido kawai ake gani. Ranar da zan taso ne ya zo ya tsaya bakin ƙofa, ya tambaye ni ko na taɓa ganin irinsa a gida. Na gaya masa gaskiya: shi da danginsa suna cikin rairayinmu, amma duk manomin da ya tono shi da hauya kububuwa zai zata, kafin ya duba ya sare kansa. Ya yi shiru, sannan ya ce to gara da nasa yana Lille.

Na san cikin masu karanta wannan shafi babu mai shirin sayen boa. Amma na sha ganin manya sun tsaya bakin hanya sun sayi ɗan jimina, ɗan barewa ko ɗan biri don yara su yi wasa, bayan shekara biyu a ga dabbar ɗaure da sarƙa a bayan gida, ba a iya riƙe ta, daji kuma ba ta san shi ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin a tambayi nawa ne, a tambayi ina zai tsaya, shekara nawa zai yi, wa zai riƙe shi in mai shi ya gaji.

A 2024 hoto ya iso mini ta waya. Macijin ne miƙe kan tebur, an shimfiɗa ma'aunin tela a gefensa, santimetir 48. A ƙasa yaron ya rubuta da Hausar da ubansa ya koya masa, har da kuskuren harafi: "Tonton, ya tsaya."