Amsa ga masu kirana "Mai Tana"

'Yan ajinmu na mastas sun laƙaba mini suna Mai Tana, wai kowa na ɗakin karatu ni ina yawo da bokiti a gonakin citta tsakanin Kafanchan da Kwoi. To bari in amsa sau ɗaya kowa ya huta.

Abincin tana dai ƙasa ne. Fatarta kuma kullum a jiƙe take, ruwan da ke ƙasa yana ratsa ta. Duk abin da manomi ya fesa, ita ke fara ɗanɗanawa. Wani maganin yana lalacewa da wuri, amma dangin DDT maƙalewa suke a kitse, su yi ta taruwa a jikinta har su fi na ƙasar yawa.

A jami'a ma aka taɓa ganin illar haka ƙiri-ƙiri. Shekarun 1950, a jami'ar jihar Michigan ta Amurka, an yi wa itatuwa feshin DDT. Ganye ya zube, tana ta ci, tsuntsaye suka ci tana, suka yi ta faɗuwa matattu a harabar makaranta. Mu nan kajin gida da zabbi ne ke tsattsagar ta. Wa ke cin ƙwan?

Ban ga laifin manomi ba fa. A 2023 cuta ta cinye cittar Kachia, Jaba da Kagarko, mutane suka shiga bashi. Mahaifina na cikinsu. Wanda ya ga haka, ga kuɗin 'yan ƙwadago ya yi tsada, ka ce masa kar ya yi feshi? Sai dai wani maganin ruɓewar shuka, carbendazim, yana da illa ga tana sosai, har da shi ake gwaji a ɗakin bincike. Ita kuwa tanar ce ke huda ƙasa ruwa ya shige, citta kuma ba ta son ruwa ya kwanta mata.

NAFDAC ta sa ranar hana paraquat daga Janairun 2024, atrazine kuma Janairun 2025. Wanda aka riga aka zuba a gona fa, takardar hani ba ta kwashe shi.

'Yan gida, in damina ta kankama ku duba gonarku da sassafe: kashin tana nawa kuke gani yanzu, nawa kuke gani muna yara? Ku tambayi tsofaffi ma, ku rubuta mini a ƙasa da sunan ƙauyen. Da gaske nake, ina buƙata.