Bayan Mai Gudu Ake Dubawa

A watan Afrilun 2015 wani ɗan Jihar Katsina mai suna Suleiman Hashimu ya taso daga Legas a ƙafa ya nufi Abuja, don cika alkawarin da ya yi cewa zai yi tattaki idan Muhammadu Buhari ya ci zaɓe. Kwana 18 ya yi a hanya, tafiyar da ta haura kilomita 700. Masu yabo suka yaba, masu dariya suka dara, wasu kuma suka saɓa jaka suka bi sahu, har tattaki ya zama abin yayi na ’yan makonni. Ni ba siyasar ce ta tsaya mini a rai ba. Abin da na yi ta tambayar kaina shi ne: a ina ya riƙa kwana? Kusan kullum rana ta faɗi masa a inda ba wanda ya san ubansa. Rahotannin lokacin sun ce duk inda dare ya yi masa nan yake neman masauki, a ƙauyuka har da rugar Fulani, kuma ana ba shi. Wannan ɓangaren labarin ne ya fi komai nauyi a wurina, shi ne kuma aka fi saurin mantawa da shi.

Sana’ata rubuta manhaja ce. A Dutsin-Ma nake zaune, masu ba ni aiki suna Kano da Legas, abin da ya haɗa mu intanet ne kawai. Wanda ya yi shekara goma a kan kujera yana kallon kwamfuta ya san yadda ƙugu ke fara kai ƙara. Ciwon bayan ne ya fitar da ni gudu bayan sallar asuba. Da fari zagayen unguwa, sannan na fara fita bayan gari inda duwatsun nan suke tsaye cikin hazo, daga baya ƙafa ta saba har na kama hanyar Kurfi, garin su mahaifiyata, wadda agogon hannuna ke ƙirga wa kilomita ashirin da ’yan kai. Duk wanda ya kai nan a gudu, akwai wani tunani da ke shigarsa ba sallama: idan na iya zuwa Kurfi, me zai hana Katsina? Idan na kai Katsina, me zai hana in ratsa ƙasar baki ɗaya, daga bakin teku zuwa iyakar Jibiya?

Akwai waɗanda suka bi wannan tunani har ƙarshensa. A 1980 wani matashi ɗan Kanada, Terry Fox, wanda cutar daji ta sa aka yanke masa ƙafar dama, ya kama gudu da ƙafar roba don tara kuɗin binciken cutar. Kusan kilomita 42 yake yi a kullum, wato tsawon gudun yada-ƙanin-wani guda cur, ya yi kwana 143, ya ci kilomita 5,373 kafin cutar ta kama huhunsa ta tsayar da shi. A 2016 Pete Kostelnick ya ratsa Amurka daga San Francisco zuwa New York cikin kwana 42 da ’yan sa’o’i, yana haura kilomita 110 a rana. Wani Bature ɗan Ingila, Russ Cook, ya taso daga ƙarshen Afirka ta Kudu a Afrilun 2023, ya bi ta ƙasashe 16 har da Najeriya, ya isa gaɓar Tunisiya a Afrilun 2024, bayan kwana 352 da kilomita sama da 16,000.

Lambobin ne ke burge mai karatu, amma rayuwar da ke bayansu ba ta da ƙyalli. Ɗan abin da na ɗanɗana a gajeruwar hanyata ya ishe ni in hango sauran. Bororo na fitowa a ƙafa, ya fashe, wani ya fito a kansa. Farcen babban yatsa ya yi baƙi, wata rana ka cire safa ka gan shi a ciki. Cinya na gogar cinya har ta saɓe, gishirin gumi ya bushe fari a wuyan riga. A zafin bazara jiki na iya zubar da lita guda ta gumi ko fiye a cikin awa ɗaya, kuma ruwa kaɗai ba ya mayar da abin da ya fita sai an haɗa da gishiri da ɗan sukari. Takalmin gudu kan mutu bayan kilomita ɗari biyar zuwa ɗari takwas, don haka mai ratsa ƙasa sai ya binne takalma da yawa a hanya. Da hunturu kuma leɓe ya tsage, ƙura ta cika maƙogwaro. Ni ina komawa gida in yi wanka in miƙe ƙafa. Su kuwa gobe da asuba za su sake cusa wannan kumburarriyar ƙafa a takalmi, su koma daidai inda suka tsaya jiya, su ɗora. Ranar farko ƙarfi ne ke aiki. Daga rana ta goma sai haƙuri. Hausawa sun riga sun faɗa: sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai akwai abin da hoton mai gudu shi kaɗai a kan kwalta yake ɓoyewa. Babu ɗaya daga cikin mutanen ukun nan da ya yi tafiyarsa shi kaɗai. Terry Fox na da abokinsa Doug Alward da ke tuƙa mota a tare da shi. Kostelnick na da ayarin masu dafa masa abinci da kula da ƙafarsa. Cook ma da motar abokan tafiya yake, kuma duk da haka ’yan fashi sun tare su da bindiga a Angola. Kowannensu da gidansa yake tafe, gida mai taya huɗu. Shi kuwa Hashimu ba shi da irin wannan gata, kuma tafiya yake yi ba gudu ba, amma ya fi su dogaro da abu guda: mutanen bakin hanya. Motarsa ita ce ƙofar da aka buɗe masa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya. Madugu ne ke jan ayari, amma tafiyar ba da ƙarfin madugu kaɗai ake auna ta ba, da zango ake auna ta: daga rijiya zuwa rijiya, daga mai masauki zuwa mai masauki. Har yau unguwannin baƙi a Kumasi da Akara suna amsa sunan zango. Alhazan da suka tafi Makka a ƙafa ta Chadi da Sudan shekaru suke yi, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su sami guzuri su ƙara gaba, wasu ma can suka zauna har jikokinsu. Babu wanda ya taɓa ɗaukar ruwan wata shida a kai. Abin da ya sa tafiyar ta yiwu shi ne an yarda cewa baƙo na da haƙƙi, kuma randar ƙofar gida ba ta masu gida kaɗai ba ce.

Wani dare na zauna na ce bari in tsara wa kaina hanyar ratsa ƙasa kamar yadda zan tsara kowane aiki. A jami’a an koya mana dabarar da Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959 ta gano hanya mafi gajarta: kowane gari ɗigo ne, kowace hanya zare ce mai nauyi, kwamfuta ta tara nauyin ta zaɓi mafi sauƙi. Na sa nisa, na sa hawa da gangara, na raba tafiyar kilomita arba’in-arba’in. Cikin ƙiftawar ido ta zana mini layi mai kyau, ta Zariya da Funtuwa da Ƙanƙara, ta ƙofar gidanmu a Dutsin-Ma, ta Kurfi, har Katsina. Na daɗe ina kallon layin. Ba ƙarya kwamfutar ta yi ba, abin da na ba ta shi ta auna. Amma duk ɗan yankin nan ya san nauyin hanya ba kilomita ba ne. Nauyinta shi ne: ana bin ta bayan la’asar? Da damina, idan gero da dawa sun rufe mutum, wa ke cikin gonar? Idan magariba ta yi a ɗigo na goma sha biyu, ƙofar wa zan ƙwanƙwasa? Babu taswirar da ke ɗauke da wannan gurbin.

Shekarun nan na ’yan bindiga sun canza wa kalmar gudu ma’ana a ƙasarmu. A Kurfi da Safana da Batsari da Ɗanmusa da ƙauyukan Dutsin-Ma, mutane sun yi gudu na gaske, da goyo a baya da tabarma a ka. Shi ya sa idan na wuce ta gefen wani ƙauye da sassafe, ba ni ake kallo ba. Bayana ake dubawa. Mata masu zuwa rijiya su tsaya cak, idonsu a kan hanyar da na fito. Na taɓa ganin yaro ya saki igiyar akuya ya ruga gida don kawai ya hango ni tafe.

Wata safiya wani dattijo da ke zaune gindin bedi ya ɗaga mini hannu.

“Samari, lafiya? Mi ya koro ka?”

“Lafiya lau, Baba. Motsa jini nike.”

Ya dube ni tun daga takalmi har hula. “Motsa jini? Ga gona can, ga fartanya. Zo ka motsa shi inda za a samu tsaba.”

Muka yi dariya, ya sa jikarsa ta kawo mini ruwa a moɗa, mai sanyin randa da ƙanshin ƙasa. Amma kafin dariyar na ga yadda hannunsa ya damƙe sanda.

Wani karon kuma matasa masu gadin ƙauyensu ne suka tsayar da ni. Mutum da ’yar jaka a baya, da agogo mai nuna taswira, yana bin hanya a ƙafa ba kaya ba dabba: a idonsu wannan siffar mai kai rahoto ce.

“Malam, dakata. Daga ina? Ɗan gidan wa?”

Na faɗi sunan kawuna na Kurfi da unguwarsu. Ɗaya ya buga waya, aka yi ’yar magana, fuskoki suka saki. Babbansu ya miƙo mini agogona ya ce, “Yi haƙuri, ɗan’uwa. Allah shi kiyaye hanya. Amma kada ka bari la’asar ta yi maka a nan.”

Ban ga laifinsu ba. Wanda ya yi jana’izar maƙwabcinsa yana da dalilin tambayar baƙo. Abin da ya tsaya mini shi ne abin da ya fisshe ni: ba ƙarfin huhu ba, ba katin shaida ba, sunan kawu. A tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ina da kawu. Mai ratsa ƙasa kuwa kawunsa na ƙarewa tun a rana ta biyu. Daga nan kowace magariba baƙo ne tsantsa, ba abin da zai nuna sai fuskarsa da sallamarsa.

Na taɓa zaton waya za ta iya maye gurbin kawu: ka raba inda kake kai tsaye, ’yan’uwa na kallon ɗigonka na motsi. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, da Dutsin-Ma da Kurfi a ciki. Watannin nan sai na shiga mota zuwa Katsina kafin in tura aikin da na rubuta. Saƙo ya koma bakin direba da ɗan acaɓa, kamar zamanin kakanni. A lokacin na ga iyakar sana’ata da idona. Ɗigon da ke motsi a allo yana gaya wa mutane inda kake ne kawai. Ba ya ba ka ruwa, ba ya shimfiɗa maka tabarma.

Shi ya sa nake ganin gudun ratsa ƙasa ba jikin mai gudu kaɗai yake gwadawa ba. Ƙasar yake gwadawa. Idan mutum ya taso daga wannan iyaka ya kai waccan a ƙafa, ya tabbatar da cewa ɗaruruwan mutanen da ba su san shi ba sun ga baƙo sun zaɓi su ce masa sannu da zuwa. Kwana 18 na Hashimu shaida ce a kan ƙauyukan da ya ratsa kafin ta zama shaida a kan ƙafarsa. Mu da muka tashi muna jin ana cewa baƙonka annabinka, yau muna renon yaran da aka koya wa su ruga gida idan sun hango baƙo. An ƙirga shanun da aka kora da gonakin da aka bari. Wannan asarar ba ta shiga lissafi ba, kuma ko bindiga ta yi shiru gobe, ita sai an sake gina ta gida-gida.

Fayil ɗin hanyar na nan a kwamfutata. Na ƙara masa gurbi guda na sa masa suna “mai masauki”. Duk wanda ya ba ni ruwa, ko ya ce in zauna in huta, ina komawa wata rana ba da kayan gudu ba, da ɗan goro ko sukari, mu gaisa sosai, in san sunansa ya san nawa. Dattijon gindin bedi ne na farko. Babban matasan nan shi ne na uku. Daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi yanzu gida biyar gare ni. Daga Kurfi zuwa Katsina gurbin fari fat yake tukuna, kuma ba da sauri ake cika shi ba. Zumunci dai a ƙafa yake.